Wanda ya yi maka bip ƙarfe 2 na dare

Na daɗe ina son rubuta wannan abin amma kullum sai in ajiye, don magana ce da a nan Damagaram ba a yin ta sai ƙasa-ƙasa, in ma an yi to bayan an dawo daga maƙabarta ne ana zaman makoki kowa yana kallon ƙasa. Sai da na nemi izinin mai labarin kafin in fara, ya ce in rubuta amma ban da sunansa ban da unguwarsu, to haka za a yi.

Bara ne cikin zafin nan na watan Afrilu, an ɗauke kuran, duk gida an fito da tabarmi tsakar gida ana fifita. Wajen ƙarfe 2 na dare salulata ta yi bip sau ɗaya ta yi shiru. Na duba na ga abokina ne na fadarmu, mutumin da muke shan shayi tare tun muna koleji. Ya saba yi min bip in ba shi da kiredi amma ba a irin wannan tsakar dare ba, sai na kira shi. Muryarsa a sanyaye, ba kuka ba faɗa, ya ce min "ka yafe min duk abin da na taɓa yi maka, kuma ka ce wa Inna ta yafe min." Na ce tafiya za ka yi ne, Libiya ko Kano? Ya ce "a'a, na gaji ne kawai."

Duk fadarmu mun san halin da yake ciki. Moto ya karɓa bashi yana kabu-kabu da shi, aka sace moton tun bai biya rabin kuɗin ba, mai moton yana binsa wajen jika 400 yana aiko masa da mutane har ƙofar gida, maganar aurensa kuma da aka kusa sa rana ta watse a kan haka. Ya daina zuwa fada, ya rame, in ka haɗu da shi sai ya ce bacci ne ba ya samu. Mu kuma muka ce kunyar bashi ce, zai ware.

Da na gane inda maganarsa ta dosa wallahi jikina rawa ya kama, kuma abin da ya fito daga bakina shi ne abin da zai fito daga bakin kusan kowa a garin nan. Na ce subhanallahi, kai ba musulmi ba ne, ka san hukuncin wanda ya yi haka kuwa, ka dubi waɗanda ba su da ko abin da za su ci yau, ka yi haƙuri mana, kai namiji ne fa. Na yi ta zuba kusan minti biyar ban numfasa ba. Da na gama ya ce "haka ne, gaskiyarka, sai da safe," ya kashe waya. Na sake kira bai ɗauka ba. Har yau in na tuna wannan "sai da safe" ɗin sai cikina ya juya.

Ina da yaya, ɗiyar wan babana, tana aure a Faransa shekaru da yawa, kuma na san tana wani aikin sa kai na ɗaukar waya a ɗaya daga cikin layukan saurare da suke da su can, wato lambobin waya da mai ƙunci yake kira a saurare shi, amma ban taɓa tambayarta mene ne ainihin aikin ba. Ita ce ta faɗo min a rai. Na kira ta ta WhatsApp, can ƙarfe 3 ta wuce, Allah ya sa ta ɗauka. Ban gama bayani ba ta katse ni ta ce "ƙanena, sake kiransa yanzu, ka yi ta kira har ya ɗauka. Kar ka ƙara yi masa wa'azi. Ka tambaye shi da bakinka, kana tunanin kashe kanka ne? Ka faɗi kalmar, kar ka kewaya. In ka tambaya ka rufe bakinka ka saurara. Kuma tunda ka san gidansu, kana magana kana tafiya." Na ce Yaya in na faɗi wannan kalma ai ni na sa masa a kai. Ta ce "abin nan yana kansa watanni shi kaɗai yake dakonsa, ba kai za ka sa masa ba, kai dai za ka zama na farko da ya yarda a ambace shi."

A kira na huɗu ya ɗauka. Na ce ɗan'uwa ka yafe min surutun da na yi maka ɗazu, tambaya ɗaya zan yi maka, kana tunanin kashe kanka ne? Shiru ya yi mai tsawo har na duba ko rezo ne ya tafi, sai na ji ya fashe da kuka, ya ce eh. Ina tafiya cikin duhu ta lungunan nan, karnuka suna ta haushi, shi kuma yana magana, yana magana, abubuwan da ban taɓa sanin suna cikinsa ba ni da nake cewa amininsa ne. Ashe ba kuɗin ne suka fi cin ransa ba, ganin da yake yi ya zame wa Inna kaya ne, yana ganin in ba ya nan kowa zai huta. Na same shi a waje, muka zauna a kan dakali har aka kira assalatu. Kafin nan ya yarda na tashi yayansa, yayan ya shiga ɗakin ya kwashe abin da ya kamata a kwashe. Da rana ta fito mu uku muka tafi gidan likita.

Bayan kwana biyu na zauna da Yaya a waya kusan awa biyu ina tambayarta wai wannan aikin nasu ya yake, daga baya kuma na bi na karanta abin da na samu. Abin da ya fara kama ni shi ne asalinsa. Wani limamin coci ne a Ingila, Chad Varah, a 1935 jana'izar farko da aka sa shi ya jagoranta ta wata yarinya ce ƴar shekara 14 da ta kashe kanta saboda ta fara jinin al'ada, ba wanda ya taɓa yi mata bayani, ta ɗauka wata muguwar cuta ce ta abin kunya, kuma ba ta da wanda za ta tambaya. Ku tsaya ku yi tunanin ƴan matanmu nawa ne a ƙauyukan Mirya da Magarya da Matamai da ma cikin Birni suke cikin irin wannan duhun har gobe. Abin bai bar zuciyar mutumin nan ba. A ranar 2 ga Nuwamba 1953 ya sa waya a cocinsa da ke Landan ya sanar cewa duk wanda rayuwa ta ishe shi ya kira. Nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali. Kuma a lokacin, yunƙurin kashe kai laifi ne a dokar Ingila, sai 1961 aka soke, wato mutum yana iya tsira da ransa ya farka a hannun ƴan sanda, shi ya sa rufin asiri ya zama ginshiƙin aikin tun ranar farko.

Ga wurin da ya fi burge ni. Mutane suka yi masa yawa, ana layi ana jiran a ga liman, sai wasu ƴan sa kai suka riƙa zuwa suna dafa wa masu jira shayi suna zama da su suna jin abin da ke damunsu. Sai Varah ya lura da yawa daga cikin masu jiran nan in sun gama shan shayi sun amayar da abin da ke cikinsu, tashi suke su tafi gida ba su ma shiga wurinsa ba. A 1954 ya miƙa aikin ga ƴan sa kan. Shayi fa, da zama, da kunne. Da na karanta wannan sai na tuna butar shayinmu a kan gawayi kullum dare, mu goma sha, shekara da shekaru, amma mutum ɗaya a cikinmu ya kusa tafiya ba wanda ya sani. Shayin muna da shi har ya yi yawa. A fadar kowa magana yake, ƙwallo, siyasa, kuɗin hatsi a kasuwar Dole, ba mai tsayawa ya ji.

Yau Samaritans suna da rassa wajen 200 a Birtaniya da Ayalan, ƴan sa kai fiye da 20,000, lambarsu 116 123 kyauta ce dare da rana. Faransa kuma SOS Amitié ta fara a 1960, su ma ƴan sa kai ne, sannan a Oktoba 2021 gwamnati ta buɗe 3114 wanda shi ma'aikatan lafiya ne ƙwararru suke ɗauka. Amurka ta koma gajeriyar lamba 988 a Yuli 2022.

Na tambayi Yaya to in waya ta yi ƙara me kuke cewa. Ta ce abin da ake koya musu a formasiyo na watanni yawancinsa koyon yin shiru ne. Mai ɗaukar waya ba ya faɗin sunansa na gaskiya, ba ya tambayar naka, ba ya ba da labarin kansa, ba ya cewa ni ma na taɓa shiga irin wannan, ba ya cewa ga abin da za ka yi. Ba ya maganar addini ko siyasa sai in kai ka kawo, ko ka kawo ma ba zai yanke maka hukunci ba. Ta ce akwai wanda zai kira ya yi minti goma bai ce uffan ba sai numfashi, kai kuma ba za ka ajiye ba, lokaci-lokaci ka ce ina nan, ina jin ka, ba sauri. In ya fara magana sai ka riƙa mayar masa da abin da ka ji, kamar ka ce wato tun da aka sace moton nan kake ganin ka zama kaya a gidanku, don ya san an ji shi da gaske ba jiran ya gama ake yi a ɗora nasiha ba. Ta ce mu Hausawa wannan ne ya fi mana wuya, don tun muna yara an koya mana in mutum ya kawo kuka to ka ba shi haƙuri, in ba ka ba shi haƙuri ba kamar ba ka yi komai ba. Alhali sau da yawa "ka yi haƙuri" ɗin nan in ta zo da wuri, abin da mai ƙunci yake ji shi ne "ya isa haka, rufe bakinka."

Sannan sai tambayar nan ta kai tsaye. Ba sa jin tsoronta. In mutum ya ce eh, sai a bi a hankali, tun yaushe, ka shirya yadda za ka yi ne, abin yana kusa da kai yanzu, ka taɓa gwadawa a baya, kai kaɗai ne a ɗakin, ka sha wani abu. Wannan ba bincike irin na komisariya ba ne, so ake a gane ko gobara ce ta riga ta kama ko hayaƙi ne tukuna. An yi nazari da yawa a kan wannan tambaya, abin da aka samu shi ne ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ni shaida ne, na ji yadda muryar abokina ta sake bayan ya ce eh, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka.

Akwai wata magana da Yaya ta faɗa da ta zauna min. Ta ce duk wanda ya kira, mutum biyu ne a cikinsa, ɗaya yana son ya tafi, ɗaya kuma shi ne ya danna lambar. Aikinka ka zauna da su duka biyun, kar ka ƙaryata na farko, amma ka nemo na biyun ka ba shi fili. Yawancinsu ba mutuwar suke so ba, zafin ne suke so ya tsaya kuma idonsu ya rufe ba sa ganin wata ƙofa sai guda ɗaya. Kuma wannan tsananin yana zuwa ne kamar hadari, ya taso ya yi duhu, in an samu an riƙe mutum awa ɗaya, dare ɗaya, sai ya lafa. Bincike ya nuna cikin mutum 10 da suka yi yunƙuri suka tsira, wajen 9 ba ta wannan hanya suke mutuwa ba daga baya. Shi ya sa nisanta mutum da abin da zai cutar da kansa yake da girma haka. Siri Lanka da ta hana shigo da wasu magungunan ƙwari na gona masu tsananin guba, kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 daga 1995 zuwa 2015, an ƙiyasta rai 93,000 aka tsirar. Mu nan ƙasar noma ce, irin waɗannan kaya suna ajiye a ɗakuna da rumbuna kamar ba komai ba, in akwai mai ƙunci a gida to a kulle su a ba wani makullin.

Kafin a ajiye waya, in mutumin ya yarda, sai su tsara tare da shi yadda zai kai safe. Wa za ka iya tasa yanzu, ina za ka je ka zauna cikin mutane, me ya taɓa sanyaya maka rai a baya, wa zai riƙe maka abin nan, gobe wane likita za ka gani. Shi ne yake kawo amsoshin, ba a ɗora masa. In kuwa ya riga ya cutar da kansa ko yana gab da yi, sai a nemi a kawo masa agajin gaggawa, kuma an fi so a yi da yardarsa. Masu layin Amurka sun ce ƙasa da kira 2 cikin 100 ne suke kai ga haka, sauran duk magana ce take kashe wutar.

Wani zai ce to wai yana aiki kuwa, magana kawai a waya da wanda ba ka sani ba? Wata mai bincike a jami'ar Kolambiya ta Amurka, Madelyn Gould, ita da abokan aikinta sun bi masu kira 1,085 da ke da tunanin kashe kai, a 2007 suka fitar da sakamako cewa daga farkon kira zuwa ƙarshensa niyyar mutuwa da yanke ƙauna da zafin rai duk sun ragu. Amma ni ba zan ce muku waya tana warkar da ciwon damuwa ba, ba ta biyan bashi, ba ta dawo da auren da ya watse. Abokina sai da ya ga lokotoro, aka ba shi magani ya sha na watanni, sai da manya suka zauna da mai moton aka raba biyan kaɗan-kaɗan. Wayar daren nan abin da ta yi shi ne ta kai shi safiya da ransa, sauran aikin duk da rana aka yi shi. Kuma abin da ke biyo baya yana da nauyi sosai. Wani likita a San Faransisko, Jerome Motto, ya ɗauki mutum 843 da aka sallama daga asibiti suka ƙi ci gaba da ganin likita, rabinsu ya riƙa aika musu ƴar gajeriyar wasiƙa, layi biyu uku, muna fatan kana lafiya, in kana so ka rubuto mana, har sau 24 cikin shekara 5. A shekaru biyun farko waɗanda ake aika wa wasiƙar sun fi sauran tsira a fili. Wasiƙa kawai, ba magani a ciki ba kuɗi. Mu da muke da gaisuwa mai tsawo kamar igiya, ina kwana ina gajiya ina gida ina iyali, wannan ai bai kamata ya gagare mu ba.

Na tambaye ta ita kuma fa, ya take kwana bayan ta ji irin waɗannan abubuwa. Ta yi shiru ta ce abin da ya fi ciwo shi ne ba ka sanin ƙarshen labari. Mutum ya ajiye waya, shi ke nan, ba ka da lambarsa ba ka san garinsu ba, wata muryar tana bin ka shekaru. Shi ya sa suke da zama na musamman tsakaninsu lokaci-lokaci tare da wani masani, kowa ya sauke abin da ya ɗauko, kuma ba a barin mutum ya yi dare da yawa a jere. Ta ce kuma ba duk mai kira ne yake bakin mutuwa ba, da yawa kaɗaici ne, tsoho ko tsohuwa da suka yi sati ba wanda ya ce musu sannu. Ba a biyanta ko dala. Wallahi girmanta ya ƙaru a idona ranar nan.

To mu fa. Akwai masu cewa wannan ciwon Turawa ne, mu muna da imani muna da dangi. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce mutum fiye da 720,000 ne suke kashe kansu duk shekara, kashi 73 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma yankin Afirka ne ya fi ko'ina, wajen mutum 11 cikin 100,000 alhali na duniya wajen 9 ne. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa a yankin namu kusan ɗaya ne ga mutum 500,000. Mu dai ɓoyewa muka iya. A ce ya faɗi ne, a ce gajeriyar rashin lafiya, a ce iskoki ne ko sammu aka yi masa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka aka raine mu, kuma akwai hikima a ciki, amma akwai abin da in ka haɗiye shi yake cinye ka. Saurayin da ya dawo daga Aljeriya hannu biyu bayan an sayar da akuyoyin gida an yi masa kuɗin mota, yarinyar da aka sako da goyo tana da shekara 17, ɗalibin da ya faɗi bak sau uku, matar da ta haihu ta daina magana da kowa ana cewa miskilanci ne, duk muna ganinsu.

Maganar addini kuma ban ɗauke ta da wasa ba, ni musulmi ne, na san haramun ne, abokina ma ya sani tun kafin in buɗe baki, sanin ma yana cikin abin da ke azabtar da shi. Amma ayar da ta ce kada ku kashe kanku, a Suratun Nisa'i, da me ta ƙare? Da cewa lalle Allah mai jinƙai ne a gare ku. Mu sai mu karanta rabin farko da tsawa mu bar rabin ƙarshe. Kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim na mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ya yi rashin lafiya a Madina ya kasa jurewa ya yi sanadin ransa, Ɗufailu ya gan shi a mafarki an gafarta masa saboda hijirarsa, da aka faɗa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, addu'ar gafara ya yi masa. Ban kawo wannan don in sauƙaƙa laifin ba, na kawo ne don masu hana iyalan mamaci sakat da kallon banza da gulma. Malamanmu suna da babban wuri a wannan aiki, mutane da yawa wurin malam za su fara zuwa kafin gidan likita, da za a samu malamin da zai fara da "ba ni labari" kafin ya jawo aya, sannan ya ce tashi in raka ka wurin lokotoro, da rayuka da yawa sun tsira. Wa'azin yana da lokacinsa, abokina da kansa ya nemi a yi masa bayan sati biyu, kuma a lokacin ya shige shi.

Kuma don Allah masu tura hotuna da bidiyo a gurup-gurup na WhatsApp da Facebook in irin wannan ta faru, har da bayanin yadda aka yi, ku daina. Akwai wani yana kallo a ɗakinsa wanda ƙiris ya rage masa.

Ba sai mun kwafo na Turawa ƙafa da ƙafa ba, a Afirka ma an yi. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, wata majinyaciyarsa ta rasa ranta don ba ta da kuɗin motar zuwa wurinsa, sai a 2006 ya fara da kakanni mata 14 a Harare, aka koya musu saurare, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna da kaka su yi magana. Ciwon ma da yarensu suke kiransa, ma'anarsa yawan tunani, ba wanda zai ce maka mahaukaci. A gwajin da aka buga a 2016 da mutum 573, bayan wata 6 waɗanda suka zauna a bencin wajen 14 cikin 100 ne suka rage da alamun ciwon damuwa, sauran kuwa wajen 50 cikin 100. A Najeriya akwai SURPIN, wani shiri na hana kashe kai, da aka fara a asibitin koyarwa na jami'ar Legas a 2017, har da layin masu jin Hausa. Gana kuma ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka a 2023.

Ina yawan tunanin yadda irin wannan layi zai kasance a Zinder. Dole ya zama kyauta, ko kuma ka yi bip a kira ka, don mai irin wannan ƙunci sau da yawa ko na kiredi ba shi da shi. Dole a samu mai jin Hausa da Barbarci da Buzanci da Fillanci da Tubanci, ba Faransanci kawai ba, mutum ba ya kuka da yaren lakwal. Dole a samu mata masu ɗauka, don akwai abin da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, kuma a tuna da yawa wayar ma ba tasu ba ce ta maigida ce. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne asiri, garin nan kowa ɗan'uwan kowa ne, daga Zango zuwa Garin Malam murya kaɗai ta isa a gane ɗan gidan wane ne, in magana ɗaya ta fita to an kashe layin har abada. Wataƙila sai dai mai ɗaukar kiran Zinder ya zauna a Maraɗi, na Maraɗi ya zauna a nan. Muna da jami'ar André Salifou cike da matasa, muna da malaman lakwal da anfirmiye da suka yi ritaya, muna da tsofaffin mata masu ciki kamar rijiya. Mutanen akwai su, horo ne da tsari da wanda zai tsaya a kai.

In kuma kai da kake karanta wannan kai ne a cikin halin, ina roƙonka kar ka kwana da shi kai kaɗai. Tashi wani, ko wane ne, yayanka, maƙwabcinka, limamin unguwa, ka faɗa masa da kalmar kamar yadda take. In na farko ya yi maka irin surutun da na yi wa abokina, tsoro ne ya sa shi, ka faɗa wa na biyu. Ka ba wani ajiyar abin da kake tsoron kanka da shi. Gari na wayewa ku je babban asibitin Zinder ko asibitin unguwa mafi kusa ku ce a haɗa ku da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, in kuma an riga an ji ciwo to ba jira, a ɗauke shi zuwa gidan likita nan take ko a kira ƴan pompiye a 18.

Abokina yanzu yana tuƙa adaidaitar wani kawunsa, bashin ya rage saura kaɗan, a fada muka yi adashi muka rage masa wani abu. Ba kullum yake da daɗi ba, akwai satin da yake yin shiru, amma yanzu in ya yi kwana biyu bai zo ba wani yana tashi ya je ya buga ƙofa, kuma mun daina tambayarsa "lafiya dai ko" a tsaye muna kan moto. Daren Talatar da ta wuce wajen ƙarfe 11 ya sake yi min bip, gabana ya faɗi na kira da sauri na tambaye shi tambayar nan kai tsaye. Ya ce a'a, ba wannan ba ne yau, shirun ɗakin ne ya yi masa yawa. Muka yi wajen minti 20 yana ba ni labarin wata fasinja da ta shiga da tunkiya biyu daga tasha, har kiredina ya ƙare wayar ta yanke. Da safe na bi ta gidansu, na tarar Inna tana dama masa fura.